Tsohon Laburaren Baba

Talata, bayan La'asar. Borokiri, Fatakwal

Saba ta sake faɗuwa. Ina tsakiyar yanka shaddar wata mata na jiyo Abban Yasmin a falo ya ce innalillahi, irin wadda yake yi ƙasa-ƙasa don kada in ji. Na ji. A nan dai zan iya rubuta sunansa tunda babu mai saurare: Imrana. Mijina mutum ne da ko tukunya ta kama da wuta sai ya gama sallama kafin ya faɗa, amma satin nan har shayi ya zubar a kan tabarma.

Sabar nan ita ce kwamfutar da shafin Ina Mota ke zaune a kanta. Tana can Legas a ɗakin wani kamfani, babu wanda ya taɓa ganinta a cikinmu, amma in ta yi tari sai gari uku su kama mura. Direbobin da ke sauko da shanu da albasa daga Arewa su ke danna waya su yi magana a shafin: mun wuce Lakwaja, taya ta fashe, sojoji sun tsayar da mu. Mahauta da 'yan kasuwa a Inugu da Anacha da nan Fatakwal su saurara, kowa ya san inda kayansa suke.

Babana, Malam Gwadabe, shi ya gina shi da hannunsa a Inugu bayan ya bar aikin gidan waya. Tsararrakinsa suna zaman benci suna hirar siyasa, shi yana koyon rubuta manhaja da farin gemunsa. Ban taɓa faɗa masa ba, amma duk lokacin da na ji wani direba ya ce "shafin Malam" sai in ji kaina ya ƙara tsawo.

Watan jiya ƙungiyar 'yan kasuwa ta roƙi Imrana ya ƙara taswira, a riƙa ganin kowace mota a hanya. Ya ƙara. Ta yi kyau ƙwarai. Tun daga ranar saba take faɗuwa.

An ba Baba ranar komawa wurin likita. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Laraba, da hantsi

Saba ta faɗi. Imrana ya tayar da ita. Yasmin ta leƙo da burodi a baki ta ce, "Abba, e don fall again?" Bai ko yi mata faɗan Turancin titi ba, nan na san abin ya ci masa rai.

Alhamis, bayan Magariba

Na tsare shi da tuwo na ce sai ya yi mini bayani irin na mai ɗinki, ba irin na abokansa ba.

Ya ce akwai abin da suke kira laburare, wato aikin da wasu suka riga suka rubuta, kowa yana ɗauka ya ɗora nasa a kai. Ɓangaren murya na Baba a kan tsohon samfurin wani laburare aka gina shi. Taswirarsa kuwa sai da sabon samfurin wannan laburaren take tashi. Duk biyun suna cikin saba ɗaya, kuma sunayen da ke cikinsu iri ɗaya ne.

"Kamar yara biyu ne masu suna ɗaya a gida ɗaya," in ji shi. "Ki kira babban ya ɗauko buhu, ƙaramin ya amsa. In direba ya turo murya daidai lokacin da wani ke kallon taswira, sai saba ta kira wannan, wancan ya amsa, shi ke nan ta kife."

Na ce to a kori ɗaya mana.

Ya ce ai ya kora. Kullum da yamma yana cire tsohon, gari na wayewa ya tarar ya dawo. Yana zargin kamfanin Legas ne ke mayar da shi ba da saninsu ba, har ya rubuta musu, sun ce su ba ruwansu.

Yana bayani yana zana mini da yatsa a gefen faranti, idonsa ya yi ja don rashin hutu, amma ko sau ɗaya bai ce tsohon aikin ne ba shi da kyau ba. Cewa ya yi, "Ɓangaren Baba tsaf yake, ko ni ba zan iya tsara shi haka ba." Ina son wannan halin nasa, ko da yake wani lokacin yana sa ni jin kamar in girgiza shi.

Asabar, a tashar Rumuokoro

Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Mota ta ƙi cika. Zan je Inugu in raka Baba wurin likita.

Litinin, bayan Azahar. Gariki, Inugu

Mun je, mun dawo. Likitan yana da kirki. Ya yi magana mai yawa, Baba yana cewa to, to, madalla. A keke da muke dawowa hirar farashin gas ya yi ta yi mini. Ni ma na biye masa.

Ban iya cin abinci ba.

Talata, da sassafe

Na gano mai mayar da tsohon laburare, kuma da hannuna aka mayar da shi yau.

Bayan ya dawo daga masallaci Baba ya jawo kwamfutarsa kan tabarma. Ina shara ina kallonsa ta gefen ido. Ya kusanto da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya ja baya, ya goge tabarau da bakin riga, ya sake matsowa. Can ya ce, "Baiwa, hannunki ya fi nawa sauri, zo ki buga mini wani abu."

Na zauna. Yana faɗa daga ka, harafi bayan harafi, har da inda zan bar fili da inda zan sa ɗigo, ko tuntuɓe bai yi ba. Ina cikin bugawa na ga sunan da Imrana ya yi mako yana maimaitawa har a cikin salla nake jin tsoron ya faɗe shi.

Na ce, "Baba, wannan ai shi ne wanda Abban Yasmin ke cirewa."

"Na sani."

"Shi ke sa saba faɗuwa."

"Na sani, Baiwa. Amma in babu shi muryar direbobi ba ta shiga sam. Kallamu bai iya rubutu ba, rabinsu ba su iya ba. Gara ta riƙa faɗuwa tana tashi da a rufe musu baki gaba ɗaya."

Kallamu tsohon direban shanu ne, tun ina ƙarama yake kawo mana kilishi.

Na ce, "To ka cire sabon mana, a huta."

Ya juyo wajen da nake. "In cire aikin mijinki? Yaron nan ya daɗe yana wahala a kan taswirar. Na ji an ce ta yi kyau."

Na ji an ce. Haka ya faɗa.

Na ce to ya kira shi su yi magana. Ya ce, "In ce masa me? Ka ɓata mini aiki? Ba a yi wa suruki haka. Ke ma kada ki faɗa masa, zai ji nauyi."

Na buga sauran. Sai da na goge wani wuri na sake.

Laraba, bayan La'asar

Imrana ya kira. Ya tambayi jikin Baba, na ce da sauƙi. Na tambayi saba, ya ce ya daina cire tsohon laburaren.

Na ce, "Kamfanin ne suka amsa laifinsu?"

Sai ya ce, "Mutum biyu ne ke da makullin sabar nan, Baiwa. Ni da…" Bai ƙarasa ba. Tun da muka yi aure ban taɓa jin sunan Baba a bakinsa ba. Mutumin da ko a waya in Baba ne sai ya cire takalmi ya rusuna, ni kuma in yi ta dariya.

Ya ce sai jiya ya lura cewa duk daren da ya cire tsohon, babu muryar direba ko ɗaya da ke shiga sai da safe. Ya ce kunya ta kama shi, ashe tsoho yake tayarwa da asuba yana gyara masa ɓarna.

"Yanzu na bar su duka biyun. In ta faɗi zan riƙa tayar da ita da hannu, wayata na jikina. Don Allah kada ki faɗa wa Baba na gane."

To ga ni nan. Wannan ya ce kada in faɗa, wancan ya ce kada in faɗa. Na zauna a bakin gado ina jin haushinsu su biyun, ina kuma jin babu macen da Allah ya ba irin mazajen da ya ba ni.

Alhamis

Ta faɗi da safe, ya tayar. Ta faɗi da rana, ya tayar. Baba ya zuba gishiri a shayi ya shanye tas.

Juma'a, bayan Magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Motar Kallamu ta lalace tsakanin Okigwe da Umuahia, cike da shanu, rana tsaka. Ya danna waya ya yi magana a shafi kamar yadda ya saba, ya ce a turo makaniki da ruwa. Saba tana ƙasa. Imrana yana masallaci, ya kashe ƙarar waya saboda huɗuba. Da ya fito ya tayar da ita, amma saƙon Kallamu bai taɓa shiga ba, babu wanda ya san an yi shi.

Kallamu bai kira kowa ba. Ya zauna gindin mota yana jira, don shekara da shekaru in ya yi magana a shafin Malam ana ji. Sai da La'asar ta wuce hankalinsa ya ba shi ya kira mutane a waya. Kafin ruwa ya iso shanun sun galabaita a matse, ɗaya aka samu aka yanka, ɗaya ta riga ta tafi.

Da aka faɗa wa Baba, tambaya ɗaya ya yi: "Bai kira kowa ba?" Aka ce bai kira ba. Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Asabar

Baba bai fito cin abinci ba. Imrana bai ɗaga wayata ba. Ruwa ake.

Litinin, da hantsi. Kasuwar Relief, Anacha

Gwaggo Fatsuma, ƙanwar Baba, ta aiko in zo. Ita ke sarin albasa a nan tun kafin a haife ni, kuma duk danginmu ita kaɗai Allah bai raba wa kunya da yawa ba. Na tarar da ita kan buhu tana ciniki da wata mata da Inyamuranci, tana zagin mai baro da Hausa, duk a numfashi ɗaya.

Ban daɗe da zama ba Alhaji Dogara, shugaban ƙungiya, ya iso. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da ruwa da jikin Malam. Sannan ya ciro waya ya ce, "Hajiya, saurari wannan."

Muryar Baba ce. Yana cewa laifinsa ne, aikinsa ya tsufa kamar mai shi, a karɓi makullin a hannunsa, amma don Allah kada a ga laifin yaron nan.

Alhaji ya danna na biyu. Imrana ne. Yana cewa laifinsa ne shi kaɗai, kafin ya kawo taswira shafin bai taɓa ko tari ba, a cire taswirar a sallame shi, amma kada a taɓa makullin Baba.

"To ni wa zan kama?" in ji Alhaji. "Na saba da rigimar da kowa ke cewa ba ni ba ne. Wannan ban san kanta ba."

Ya ce mutane sun fusata. Ranar Lahadi za a zauna a Inugu, kuma da yawa suna so a karɓe shafin a ba wani kamfani na waje. Shi ba ya so, amma in ta sake faɗuwa kafin ranar ba shi da bakin magana.

Na tuna Baba da asuba, yana laluben tabarma yana neman kwamfutarsa. In aka karɓe shafin nan ban san me zai riƙa tashi dominsa ba. Nan na fashe da kuka a gaban shugaban ƙungiya da buhunan albasa, na kuma faɗi duk abin da aka ce kada in faɗa.

Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta tafa hannu. "Wato kunyar surukai ce ta kashe saniyar mutane. Ba ni lambar mijin naki."

Ta kira shi. Ba ta ko bari ya gama gaisuwa ba. "Imrana, gobe ka hau mota ka same ni a Inugu. Ban tambaye ka ko kana da aiki ba."

Laraba, bayan Azahar. Gariki

Jiya aka yi ta. Ina so in rubuta yadda aka yi kafin in manta, don wata rana in ba Yasmin labari.

Baba yana kan tabarma a baranda. Imrana ya zauna a ƙasa can bakin tabarmar, kansa a sunkuye, an kawo abinci ya ce ya ƙoshi, alhali tun Fatakwal bai sa komai a cikinsa ba. Gwaggo ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa kamar mai gadin kurkuku. Ni aka sa a tsakiya.

Baba ya ce, "Baiwa, ki tambayi mai gidanki ko hanya lafiya."

Imrana ya ce, "Ki ce wa Baba lafiya ƙalau, sai ramukan Aba."

Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Na dubi Gwaggo, ta harare ni, na isar da saƙo.

Kazar maƙwabta ta shigo ta fita. Gwaggo ta yi gyaran murya mai ƙarfi. Sai Imrana ya ce, "Ki ce wa Baba akwai wata dabara, in ya yarda. A yi wa kowane ɓangare ɗakinsa daban a cikin sabar, murya da laburarenta, taswira da nata, ba mai jin kiran wani. Ba za a canja ko harafi ɗaya a aikin Baba ba. Ɗauka kawai za a yi a ajiye."

Baba ya ɗan ɗago. "Ki tambaye shi yaushe ya san wannan."

"Ki ce tun ranar da na gane."

"To yana da makulli. Me ya hana shi yi?"

Imrana ya ƙara sunkuyar da kai. "Ki ce wa Baba ban iya shiga ɗakinsa in kwashe masa kaya ba da izininsa ba. Kuma na rasa bakin da zan nemi izinin."

Na ga Baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Sannan ya ce in tambaye shi ta wace ƙofa ɗakunan biyu za su riƙa miƙa wa juna saƙo. Imrana ya amsa. Baba ya sake tambaya, ya sake amsawa. Tun ina isarwa har na koma gyaɗa kai kawai, don maganar ta fi ƙarfina, kuma babu wanda ya lura na daina. Baba da kansa ya ce tsohon laburaren yana da ɓaraka, ba zai dawwama ba, a killace shi yanzu, bayan damina a zauna a sake gina muryar a kan sabon. Imrana ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan. Kowannensu yana kallon gefe yana murmushi.

Gwaggo ta ce, "Maganar da ba ta kai dahuwar shinkafa ba, ita kuka kwashe makonni kuna ɓoyewa."

Baba ya ce, "Baiwa, ki ce masa ya ɗauka. Na yarda."

Alhamis, bayan La'asar

Imrana ya raba su, kowane ɓangare da ɗakinsa. Aka kira Kallamu aka ce ya yi ta turo murya, Gwaggo kuma ta yi ta buɗe taswira tana rufewa kamar mai neman rigima. Saba ko gezau. Kallamu ya rasa abin faɗa, ya koma ba da labarin yadda ya fara tuƙi. A ƙarshe ya ce, "Malam, ni ban riƙe ka ba, saniya kwananta ne ya ƙare." Baba ya sa na maimaita masa wannan har sau biyu.

Juma'a

Imrana ya tafi masallaci ya bar wayarsa a gida. Ba ta faɗi ba.

Lahadi, bayan Magariba

An zauna. An yi hayaniya, an yi addu'a. Makulli ya zauna a hannun Baba. Alhaji Dogara ya ce sharaɗinsa ɗaya, surukan nan su riƙa yi wa juna magana, ko da ta bakin Hajiya Fatsuma ne. Aka yi dariya.

Litinin, da sassafe

Yau za mu koma Fatakwal. Jakunkuna na bakin ƙofa.

Baba ya dawo daga masallaci ya jawo kwamfutarsa kamar kullum. Na ajiye tsintsiya na matso in buga masa. Ya ce, "Je ki duba tukunyarki." Na koma bakin kicin na tsaya.

Imrana yana can bakin tabarma inda ya saba. Baba ya buɗe kwamfutar, bai ko kusanto da fuskarsa ba. Ya ce, "Imrana."

Ban taɓa jin ya kira shi kai tsaye ba. Shi ma sai da ya waiwaya ya ga ko akwai wani mai sunan.

"Matso nan kusa da ni. Ba na ganin rubutun nan, na daɗe ba na gani, likita kuma ya ce ba dawowa zai yi ba. Taswirar taka ma ban taɓa ganinta ba. Faɗa mini abin da ke ciki."

Abin da na yi makonni ina kewayewa a littafin nan, shi ya faɗe shi da bakinsa, a gaban surukinsa.

Imrana ya hau tabarmar, kafaɗarsa na taɓa ta Baba. Sannan ya ce akwai hanya ja da ta sauko daga sama, akwai kogi shuɗi, akwai ɗigo-ɗigo kore suna tafiya a hankali, kowane ɗigo mota ce. Ya ce ga ɗaya can ya tsere wa sauran, har ya haye gadar Lakwaja.

Baba ya ce, "Kallamu ne. Da wuri yake tashi." Ya lalubo hannun Imrana ya ce, "Ɗora yatsana a kansa."

Kunun ya kama a gindin tukunya. Na bar shi.